Baba da Fetur Mai Babbar Lamba

Surukina bakanike ne tun kafin a haifi mijina. A garejin da ya tsufa a ciki ba mai kiransa da komai sai Kunnen Inji, domin mota na shigowa, kafin direba ya buɗe baki, ya riga ya faɗi ciwonta. Ni Baba nake ce masa. Gajeren mutum ne mai tsadar magana, hannuwansa sun sha baƙin mai har sabulu ya sallama musu. Abu ɗaya na san yana kwance masa baki, shi ne fetur ɗin da ɗansa yake zuba wa motarsa.

A gidan man unguwarmu famfo biyu ne: na kowa da kowa, da mai babbar lamba, mai tsada. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa tsayawa a na farkon ba. Ya rantse cewa in ya zuba mai tsadar, motar har wani miƙewa take yi. Duk ranar da muka je gaida Baba, kafin a gama cin abinci sai an tayar da zancen.

"Kai dai asara ce take kiranka," in ji Baba. "Lambar nan ba ƙarfi ba ce, juriya ce. Man ba ya saurin kamawa da wuta kafin lokacinsa, shi ke nan. Injin da aka ƙera da matsi mai yawa shi yake buƙatarsa. Akwalar nan taka me za ta yi da shi?"

"Baba, ni nake tuƙa ta. A ƙafata nake jin bambancin."

"A ƙafarka ko a aljihunka?"

Sai su fita waje, a buɗe bonet, Baba ya karkata kai ya saurara. "Ka ji? Lafiyarta ƙalau." Mijina kuma ya ce ai saboda man da yake zuba mata ne. Ni da surukuwata mu kalli juna, mu ci gaba da kwashe kwanuka. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Taurin kai ne iri ɗaya, aka raba musu daidai.

Ciwon da ya ɗauki mijina bai ba mu lokacin shiri ba. Ya bar min yara da motar nan, da kuma tuƙin da ya koya min yana ta faɗa. Da na fita takaba sai na fara kai yaran unguwa makaranta ina ɗauko su, da wannan muke ci. Kuma tun ranar farko na koma famfon kowa da kowa. Ba raina ra'ayinsa na yi ba, tukunya ce ta fi ƙarfin ra'ayi.

Ba a jima ba motar ta fara kuka. Akwai wani tudu kafin makarantar, da na taka totur a kansa sai ka ji ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ƙanin mijina, wanda ko faci bai taɓa yi ba, ya zo ya yanke hukunci: inji ya gama aiki, in sayar kafin ya mutu a hannuna. Na ce masa na ji, amma a raina na ce shawara kyauta ce, shi ya sa ta yi yawa. Gaskiyar magana tsoro ya kama ni. In motar ta tafi, sana'ata ta tafi, kuma kujerar nan da har yanzu take da lotsawar jikinsa ta tafi.

Ban je wa Baba da maganar ba. Tun rasuwar ya daina zuwa gareji, kuma kunnen da ake masa kirari da shi ya fara nauyi, sai an ɗaga murya yake amsa gaisuwa. Ta yaya zan kai wa irin wannan mutum inji in ce ya saurara? Amma ina da 'ya mai bakin aku, ita ta kai labarin. Wata safiya na dawo daga kai yara na tarar da shi zaune a ƙofar gida, tsohuwar jakar kayan aikinsa a gefen ƙafa.

Na durƙusa na gaida shi. Bai tsaya dogon zance ba.

"Wane mai ne a cikinta?"

"Na kowa da kowa, Baba."

"Madalla. Mu je tudun."

Ban taɓa zama kusa da shi a kujera ɗaya ba, balle in tuƙa shi. Da muka iso gindin tudun sai ya zaro doguwar sukudireba, ya kafa bakinta a ƙarfen da ke gindin giya, ya manna mariƙin a ƙashin bayan kunnensa, ya rufe ido. Ashe haka yake ji yanzu, ta ƙashi. Na taka, motar ta yi kukanta.

"Sake," ya ce.

Na sauko, na sake hawa. Wannan karon sai na ga ya sauke sukudirebar ya ɗora a cinya yana kallon titi. Na ɗauka mugun labari ne.

A tsakar gidana ya buɗe kan injin, a kan buhun da na shimfiɗa masa. Ya jera ƙusoshi a cikin tsohon faranti, kowanne a mazauninsa. Da ya ɗaga murfin sai ya kira ni: "'Yar nan, zo ki ga." Saman fistin ɗin, ƙarfen da ke matse mai a cikin inji, duk kunkunniya ce ta daskare, baƙa ƙirin, kamar gindin tukunyar da aka manta da wankewa.

"Kin ga wannan? Ita ta cinye wuri, ta matse man. In ta yi zafi kuma sai ta zama garwashi, ta kunna shi kafin filogi ya ba da wuta. Kukan da kike ji ke nan. Injin bai mutu ba, datti ne." Ya goge hannu a tsumma, ya daɗe yana gogewa. "Man nan mai tsada ba ƙarfi yake ƙara mata ba, rufa mata asiri yake yi. Duk saurarar da na yi, da shi a cikinta na yi."

Ya ɗago ya dube ni, abin da bai saba yi ba.

"Yaron nan ba ƙarya yake ba. Da gaske yana jin bambancin a ƙafarsa. Ni ma ba ƙarya nake ba. Amma ni ne bakanike. Da na sani na rage surutu na buɗe injin."

Na shiga ɗaki na yi kukana, na wanke fuska, na kawo masa ruwa.

Ya kankare kunkunniyar nan tas, a hankali, kamar mai yi wa jariri aski. Da ya mayar da komai muka koma tudun, da man kowa da kowa a tanki. Motar ta haura ba ko tari. Har yau da ita nake kai yara, kuma duk sanda na hau tudun nan sai na yi wa Baba addu'a. Ya tsare min abincin 'ya'yana da kunnen da mutane suka ce ya mutu. Ban san da bakin da zan gode masa ba.

A hanyar dawowa ranar nan allurar mai ta yi ƙasa, sai na shiga gidan mai na tsaya a famfon da na saba. Baba ya nuna gaba da haɓa.

"Matsa can."

"Baba, ai ka ce ba ta buƙatarsa."

"Ba ta buƙata. Ko taki ɗaya ba zai ƙara mata ba."

Na matsa. Mai zuba man ya gane motar, ya leƙo yana murmushi, sai kuma ya tuna, murmushin ya ɗauke. Baba ya sauke gilashi da kansa.

"Zuba mata irin wanda yaron nan yake zubawa," ya ce. "Na yau kawai."