Tudun da Maman Debby Ta Tara

Sunanta Phoebe, amma duk unguwarmu ta Romi da Maman Debby aka san ta. Ta zo Kaduna tana amarya daga wani ƙauye kusa da Zonkwa, lokacin da mijinta Jonathan yake aiki a masaƙa. Da masaƙar ta rufe, sai suka nemi aron wani yanki na fadamar da ke bayan unguwarmu daga iyalin da suka gaji filin, suka shiga noman alayyafo da ugu da yakuwa. Maƙwabciyata ce tun ina koyarwa.

Jonathan ya rasu a shekarar kullen korona. A wajen mutanensu, ba a binne magidanci a baƙon wuri. Gida ake kai shi, ya kwanta kusa da ubansa. To, an rufe hanyoyi, babu motar da za ta ɗauki gawa. 'Yan'uwansa suka ce mata ta waya kada a kai shi maƙabartar gari, inda kabari yake ɓacewa cikin kaburbura. A ajiye shi a gefen lambu, idan hanya ta buɗe za su zo su ɗauke shi. Haka aka yi a ɓoye, ba da iznin masu fili ba. Hanya ta buɗe, amma yayansa ya rasu, ƙannensa kuwa kowa ya ce sai bayan girbi. Girbi ya yi ta zuwa yana wucewa.

Abin da Phoebe ta fi tsoro a lokacin shi ne ruwa, domin rafin da ke gefen fadamar yakan cika ya haura lambuna. Saboda haka kowace damina sai ta riƙa ɗauko jar ƙasa a kwano daga bakin titi, tana zubawa a kan wurin, tana daddaɓewa. Sannu a hankali ya zama tudu mai faɗi, busasshe, babu ko ciyawa. Muka ɗauka wurin shanya kuɓewa ne.

A bara magada suka sa fadamar a kasuwa. Ƙungiyar unguwa ta yanke shawarar saye kafin wani attajiri ya riga ta, sai dai an rabu a kan abin da za a yi da filin. Wasu suka ce a bar shi da itatuwansa, domin shi ne yake shanye ambaliya kafin ta shigo mana gidaje. Wasu suka ce a gina ɗakunan haya masu sauƙi, tun da 'ya'yanmu sun kasa kama ɗaki ko a unguwar Narayi. Aka turo masu awo su duba inda gini zai yiwu. Suka zagaya cikin taɓo, suka ga tudu ɗaya tak mai tauri, suka kafa turke mai jan fenti a tsakiyarsa.

Ranar Phoebe ta shigo gidana ba sallama, zanenta duk laka.

"Malama, sun soke shi," in ji ta. "A ƙirjinsa suka kafa."

Sai da na zaunar da ita, na ba ta ruwa, sannan na fahimci wanda take nufi. Muna cikin haka 'yarta Deborah ta biyo ta. Deborah tana zaune da mijinta da 'ya'ya uku a ɗaki guda, kuma ta sa rai ƙwarai a kan sababbin ɗakunan.

"Mama, ki rufe bakinki," ta ce. "In kika faɗa, 'yan sanda za su zo, masu fili su ce mun ɓata musu ciniki. A shekarunki kike so ki kwana a sel?"

"To, in zuba ido katafila ta kwashe ubanki kamar shara?"

"Ki kira su Kawu su zo su ɗauke shi mana."

"Su Kawu! Suna can suna girbi tun shekarar korona."

Daga ranar Phoebe ta daina zuwa kasuwa. Ko ƙarar tifa ta ji a titi, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta ruga lambu. Ta rame har zobenta ya riƙa zamewa.

Aka kira taro a harabar coci bayan sujada. Baba Sylvanus, shugaban ƙungiya, ya bayyana cewa masu son gini sun fi yawa, kuma Allah ya ba mu tudu a shirye, ba sai an yi ciko ba.

"Baba, ba Allah ne ya tara shi ba," in ji Phoebe daga kujerun baya. "Ni ce."

Aka yi dariya. Wani matashi ya ce, "To Mama, a ba ki kwangilar sauran filin!"

Ta miƙe tana riƙe da kafaɗata. Ta ce, "Jonathan yana ƙarƙashinsa."

Dariyar ta ɗauke. Deborah ta sunkuyar da kai. Ni kaina na juya ina duban ƙofa, kamar 'yan sandan suna tsaye a can. Baba Sylvanus ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi, sannan ya ce, "Jonathan na masaƙa? Ni da nake cewa yana Zonkwa, har ina aika wa kabarinsa gaisuwa."

Babu wanda ya yarda a gina masa ɗaki a kan mutum. Aka amince a sayi filin, a bar tudun da duk abin da ke tsakaninsa da rafi ga itatuwa, a yi ginin a bakin titi, inda sai an yi ciko. Ɗakunan suka ragu ƙwarai, kuma Deborah ba ta samu ba. Dattawa suka je suka ba magada haƙuri. Babu ɗan sandan da ya zo.

Baba Sylvanus da kansa ya tuge turken. Phoebe ta cike ramin da jar ƙasa, ta dasa mangwaro a gefe. Deborah tana gaishe ta, amma ba ta zama. Har yau, idan tifa ta wuce da yashin ginin, Phoebe takan bar abin da take yi ta tsaya, sai ta ga inda motar ta juya.