Gurbina a Waƙar Kaka

Na san na ɓace muku tun kafin damina. Ni dama ba mai yawan magana ba ce, amma wannan shirun ba na kunya ba ne. Muryata ce ta tafi.

Kakata tun tana budurwa take waƙar samba, rawarmu ta gargajiya, a Kagoro da kewaye. 'Yan amshinta wasu sun rasu, wasu sun koma kwaya a coci. Ni kaɗai na rage a bayanta, kuma akwai waƙoƙin da mu biyu kawai muka sani.

Da ƙaiƙayin maƙogwaro abin ya fara. Sai zazzaɓi. Sai haɗiyar yawu ta zama aiki.

Maƙwabciyarmu ta haska bakina da tocila ta ce wa Mama, "Maman Saratu, belu ne ya sauko! A kai ta wurin wanzami kafin ya fashe."

Aka kai ni, ya yanke. Jini ya ƙi tsayawa, sai a kan mashin aka garzaya da ni asibiti a Kafanchan.

A littattafan soyayya, in yarinya ta suma, kyakkyawan likita take farkawa ta gani. Nawa tsoho ne mai sanƙo, kuma faɗa yake ta yi: "Wa ya ce ku yanke? Magani kawai ciwon nan yake so!"

Gwajin jini, ƙarin jini, allura safe da yamma. Baba ya sayar da cittar da ya ajiye.

Nakan kwanta ina kallon ruwan da ake ƙara min yana ɗiga, sai in ji shi kamar ganga can bayan dutse, mata na juyi, ni ina buɗe baki ba abin da ke fita. Mutuwa ba ta tsorata ni kamar wannan ba.

Kaka kan zauna gefen gadona tana rerawa a hankali. In ta kai wurin amshi sai ta yi shiru, ta bar min gurbina. Ko sau ɗaya ba ta cike shi ba.

Bayan an sallame ni da daɗewa, tana tsince wake tana waƙa, ta kai wurin, sai kawai na ji na amsa. Muryar a shaƙe, kamar ta aro.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kin makara, malalaciya. Sake." Hawayenta na zuba cikin waken.

Na gode wa Ubangiji, da matan zumunta na cocinmu, da Kawu da ya ba ni jininsa.

Don Allah, in wuya ya yi ciwo, ku fara da asibiti. Kada ku yarda a sa aska a bakin ɗanku.