Kurciyar Iya da Sandar Alhaji Mati

A gidanmu na Ƙofar Guga, wutar Iya ba ta mutuwa don an sauke tuwo. Iya ita ce mahaifiyar babanmu, sana'arta suyar gyaɗa. Da an idar da sallar magariba sai ta ɗora kasko, ta zuba rairayi, ta zauna bisa 'yar kujerarta tana juyawa da sakaina. Mu jikokinta da sauran yaran lungu mu kewaye murhu, kowa na fatan shi za a ce ya ɗanɗana a ji ko ta soyu.

Iya ba ta jefa tatsuniya haka kawai. Sai ta ɗaga kai ta ƙare wa fuskokinmu kallo a hasken wuta, sannan ta zaɓa. In ta ga an wuni ana faɗa, ta ba da ta dariya. In wani ya matsa da zuwa wanka kududdufi, ranar ta tsoro za a sha, har mutum ya kasa zuwa bayan gida shi kaɗai. 'Yan matan da suka fara tasawa ta yi masu ta soyayya tana harararsu, maza kuma ta yaƙi da farauta. Akwai wata iri guda da ba ta cika fiddowa ba, ita ce ta ramuwa. Ranar da na fara jin ta, ni aka yi wa ita.

Ina da wata jar akuya mai farin goshi, Kyalla, wadda na raina tun tana shan nono. Tana da tsohon ciki ta shiga zauren maƙwabcinmu Alhaji Mati, ta ja harawarsa. Alhaji Mati mutum ne mai ji da kansa, ba ya magana sai ya yi gyaran murya ya saɓa hannun riga, kuma ba ya rabo da wata sanda mai kan tagulla. Da sandar nan ya rufe Kyalla da duka a ciki. Ta jawo jiki har ƙofar gidanmu, kafin a samo wuƙa ta cika. Mushe aka ja ta zuwa bayan ganuwa, ita da abin da ke cikinta. Baba ya ce maƙwabci ne, a bar wa Allah.

Ni ban bari ba. Da yamma na ɗauke ashanar Iya na ƙulle a bakin zane, na ƙudurta sai harawar nan ta zama toka. Na zauna bakin murhu ba na ko ƙifta ido. Iya ta miƙo hannu ba tare da ta dube ni ba.

"Hadiza, ba ni ashanata. Yau taki ce. Ga wata ta taso daga bayan ganuwa."

Yara suka amsa, "A ba ta tabarma ta zauna!"

Wai wata kurciya ce ta yi sheƙa a kan tsamiya, ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta. Sai ga wani mai arziki da gatari, yana neman itacen da zai ɗora sabon rumbunsa. Kurciya ta roƙe shi ya jira 'ya'yanta su yi fiffike. Mutumin ya yi gyaran murya, ya saɓa hannun riga. Nan Iya ta kwaikwaya, yara suka dubi juna. Ya ce shi ba ya shawara da tsuntsu. Ya sare tsamiya, 'ya'yan suka faɗo, ya bi ta kansu ya wuce.

Kurciya ba ta yi kuka ba, neman mai rama mata ta tafi. Shaho ya ce zai ƙwaƙule masa ido. Ta ce, "Ɗayan zai rage mashi." Kububuwa ta ce za ta sare shi. Ta ce, "Sai ya mutu bai san laifinshi ba." Daga ƙarshe ta sauka bakin suri, ta yi sallama da gara. Gara ta ce, "Mu aikinmu ba ya sauri, kuma ke abokiyar gabarmu ce." Kurciya ta rantse bakinta ba zai ƙara taɓa jinsinsu ba. Ta ce, "Sauri kuwa, mi zan yi da shi? Ba wanda ke jirana a gida."

Haka ta dinga ɗauko gara a baki, ɗaya bayan ɗaya, tana ajiyewa a gindin rumbu. Mutumin ya cika rumbunsa da gero yana taƙama, gara na ci ta ciki. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, itacen tsamiya ya karye, rumbu ya kife cikin taɓo. Tsuntsayen daji kaf suka sauko walima. Kurciya ko ƙwaya ba ta ci ba. Ta hau katanga inda zai gan ta, tana rera masa, "Mai gatari, mai gatari, ina tsamiya, ina ɗiyana?" Ya yi jifa, ya yi jifa, har hannunsa ya sage.

"Nan ta tsaya," in ji Iya, "wanda ya ga saura ya kawo mani."

Na ji wani sanyi ya sauka a ƙirjina, irin wanda ban ji ba tun safe. Na ce, "Iya, ni ina zan samu gara?" Ta kwashe gyaɗa ta zuba mini a tafi, ta nuna yaran da haɓa. "Ga su nan kin tara, ɗiyata."

Ta maimaita tatsuniyar washegari, da jibi, duk wanda ya zo sayen gyaɗa sai ya tafi da ita. Ba ta taɓa kama suna ba. Yaran lungu da kansu suka juya waƙar. Da Alhaji Mati ya fito za shi masallaci, sai ka ji daga bayan katanga, "Mai sanda, mai sanda, ina Kyalla, ina ɗiyanta?" Ya juya, ba kowa. 'Yan mata suka sa ta a gaɗa. Har masu tallar fura suka ɗauka.

Da abin ya ishe shi ya zo zaurenmu yana huci, ya ce wa Baba a ja wa tsohuwa kunne. Iya ta amsa daga tsakar gida, "Alhaji, tatsuniya ce ta yara. In ka ga kanka a ciki, da ƙafarka ka shiga." Bayan kwanaki ya aiko da 'yar akuya. Iya ta kira ni ta ce in faɗi abin da nake so. Na ce a mayar masa, ba ita ya kashe ba. Ta ce wa ɗan aiken, "Ka ji mai akuya." Tun daga nan Alhaji Mati bai ƙara bi ta lungunmu ba. Zagaye yake yi ta bakin titi, rani da damina, har ya bar duniya.

Yau ina da ɗan shago a unguwar, ina sayar da littattafan hikaya ina ba da haya. Kullum tambayar ɗaya ce, "Anti Hadiza, wanne ya fi daɗi?" Ba na amsawa sai na dubi fuskar mai tambaya. Ɗalibin da jarrabawa ta gajiyar na ba shi na barkwanci. Mai gadin da barci ke damu, na ban tsoro. Tsofaffin ma'aikata sun fi son na tarihi da na bincike, a yi ta bin sawun ɓarawo har shafin ƙarshe. Na soyayya ba sa buƙatar talla.

Kwanaki wata malamar makaranta ta shigo, abokiyar aikinta ta yi mata ƙazafi har aka dakatar da ita. Ta ce in ba ta wanda zai sa ta manta. Na ce mantuwa ba ta cikin kayana, na ɗauko mata wani mai kauri, labarin matar da ta bi waɗanda suka zalunce ta har sai da kowannensu ya durƙusa. Na san masu cewa irin wannan karatu yana hura wutar gaba. Ni abin da na gani a bakin murhu daban ne. Wanda aka zalunta, in aka yi saurin ce masa ya yi haƙuri, an sake dukansa ne. Yana buƙatar wani ya fara yarda cewa an cuce shi, ya kuma ga azzalumi ya faɗi, ko da a takarda ne. Yafiya in za ta zo, daga baya take zuwa, kuma mai ita ne ke da ikon bayarwa ko hanawa.

Malamar ta dawo da littafin idonta ja don rashin barci, amma kanta a ɗage. Ta ajiye shi ta ce, "Anti, wallahi na so a ce babban azzalumin nan ya ƙara shan wuya kafin ya mutu."

Na jawo mata kujera. Na ce, "Zauna, Malama. Akwai na biyu, kuma a nan ne ake zuwa kan ƙanensa."