Ajiyar Ankul Lim a firij ɗinmu

Ina shiga kicin na tarar da Bitrus, abokin zamana, zai buɗe kwalin da maƙwabcinmu Ankul Lim ya ba ni ajiya ranar da korona ta kai shi asibiti.

"Kar ka buɗe! Fim ɗin kyamara ne, manyan fallaye shida, ba a wanke ba. Haske na taɓa su, shi ke nan."

"Hoton me?"

"Jajayen ganyen kaka, a kwazazzaban hamadar Amurka."

"Ganye kawai? Sun yi kyau dai?"

"Shi ma bai gani ba tukuna."

Da hannu biyu Bitrus ya mayar da kwalin cikin firij.

Yau kwanan Ankul Lim tara a kwance, na kasa zama wuri ɗaya. Masana fim, wata nawa yake jurewa a sanyi? So nake shi ya fara gani.