Takalman Yohanna a Cikin Kwata

Shekara biyar ke nan da muka binne yayana Yohanna a Kafanchan. Mama ta ce in har zan rubuta, in rubuta da sanyin zuciya. Na ce mata to. Amma ba ni da shi, kuma ba zan je aro ba.

Yohanna ya shiga wata makarantar kwamfuta a garinmu lokacin da kwamfuta ɗaya ce tal a ɗakin, an lulluɓe ta da zane kamar jaririya. Sai ka tuɓe takalmi a bakin ƙofa kafin ka shiga. Mai makarantar, wanda ba zan faɗi sunansa ba don ya san kansa, buga wasiƙa kawai yake koyarwa. Shi kuwa Yohanna tambaya ce ta cika masa ciki. Ya samo wani tsohon littafin yaren C, wanda ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi, yana so ya sa ƙaramar lasifikar da ke cikin injin ta yi kukan jirgin ƙasa, don Baba ya ji. Baba a reluwe ya tsufa.

Ya taɓa yi mini bayanin abin da suke kira foyinta. Ya ce ƙwaƙwalwar kwamfuta kamar layin ɗakunan haya ce, foyinta kuma lambar ɗaki ce kawai. In ka ba da lambar da ba ita ba, sai ka zuba kayanka a ɗakin wani. Da ya tambayi Oga, wato mai makarantar, yadda ake kai umarni har wurin lasifikar, amsar da ya samu ita ce, “Kai ɗan reluwe, ka iya taifin ɗin ma tukuna?”

Sai ya gwada da kansa. Ya ba da lambar da ba ita ba, allon ya cika da tarkacen haruffa, kwamfutar ta tsaya cak. Oga ya mare shi a gaban ɗalibai, ya wurga takalmansa cikin kwata, ya bi gari da majami'a yana cewa yaron ya ƙona masa inji. Washegari na leƙa ta taga da idona: kwamfutar tana aiki lafiya lau. Kashewa da kunnawa kawai take buƙata. Bai kira Yohanna ba, bai kuma janye maganarsa ba. Babu wanda ya sake barinsa ya taɓa inji a garin. Ya koma acaɓa, babbar mota ta taka shi a hanyar Manchok.

Yau ina aikin kwamfuta a Sabon Tasha. Tana tsayawa, mu kashe mu kunna, ko ɗaga kai ba wanda yake yi. Tambayar da ta jawo masa mari, wani mai gyara ya amsa mini ita yana cin gyaɗa. Da Yohanna na nan, na san dariya zai yi ya ce, “Saraya, bar Oga, tsoro ne ya yi masa yawa.” Halinsa ke nan. Ni ba nawa ba ne.

Fasto ya ce in bar wa Allah. Na bar masa babban hukuncin, ƙaramin kuwa na riƙe. Na ƙarasa abin da Yohanna ya fara, yanzu injina yana kukan jirgi tsaf, har Baba ya share hawaye. Na kuma kama shagon da ke kallon makarantar Oga a garinmu, bayan Kirsimeti zan buɗe. Kowa zai shiga da takalminsa, kowa zai yi tambaya, wanda ya tsayar da inji zan nuna masa makunni.

Yohanna bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Tambaya ya bari, ga kuma amsarta a hannuna. Oga, na haɗa ta da babbar lasifika, na juya bakinta wajen ƙofarka. Kullum ka zo buɗe shago, jirgin Yohanna ne zai gaishe ka.