Gyaɗar Kaka Bayan La'asar

Jiya na wuce mai suyar gyaɗa a unguwar Utaibiyya, ƙamshin ya tuno mini da Kaka.

Da ciwon mantuwa ya yi mata nisa, aka kai ta gidan kula da tsofaffi a unguwar Rusaifa. Kullum bayan la'asar sai ta miƙe tana neman ƙofa, tana faɗa da wanda ya tare ta. Aka sa mata maganin kwantarwa, ta koma barci kawai, ko ido ba ta ɗaga mana.

Wata likita ta ce a rage maganin a hankali. Ta tambaye ni, "Da Hajiya tana da lafiya, me take yi bayan la'asar?"

Na ce, "Gyaɗa take sayarwa a unguwar Tandabawi."

Na shiga kawo mata soyayyar gyaɗa mai ɗumi a faranti. Wata rana ta murje ɓawon, ta hure, ta cika mini hannu.

"Ungo, ya binti, 'yata. Ke ba a sayar miki."

Allah Ya jiƙan ki, Kaka. Ya sa wannan barcin na hutu ne.