Ranar da Dasiyus Ya Zauna a Kan Igiya

Dasiyus ba ɗan garinmu ba ne. Daga tsallaken teku ya fito, wajen duwatsun Dalmatiya, inda ya ce awaki sun fi mutane yawa, sun kuma fi su surutu. Yana ɗan shekara sha takwas ya shiga jiragen ruwan sarki. Ya yi shekara ashirin da shida yana jan igiya, sannan aka sallame shi da allon tagulla mai shaidar ya zama ɗan Roma. Bai iya karanta allon ba, amma duk sabuwar shekara yakan fito da shi ya goge da toka.

Da ya sauka tudu bai san abin da zai yi da hannuwansa ba. Ya gwada gona, gona ta ƙi shi. Sai wani ya ce masa Ƙwarya na neman mai igiya.

Ƙwarya muke ce wa dandalin wasanninmu. Sunan da aka sassaƙa a kan babbar ƙofa dogo ne, ba mai faɗinsa. Tsofaffin sojojin da aka raba wa filaye a nan su suka fara yin ta da katako. Ta katakon ta zube wata rana da mutane a kai, a zamanin kakata, shi ya sa aka sake ta da dutse, ƙofofi sittin masu bakan gizo, hawa biyu, kowace da lambarta. Manya suna zama ƙasa kusa da yashin filin wasa, a kan farin dutse. Sama da su 'yan kasuwa. Can ƙoli kuwa, inda ake hango 'yan takobi kamar tururuwa, nan ne wurin mata da talakawa da bayi. A bayansu, jikin bango, akwai duwatsu masu huji, a ciki ake soka dirkokin rumfa guda tamanin. Daga dirkokin igiyoyi ke miƙewa zuwa tsakiya, a kansu muke jan ƙyallen lilin ya yi wa jama'a inuwa. Mu arba'in ne a wannan aiki. Lokacin da na shiga gemuna baƙi ne, Dasiyus kuwa ya riga ni da shekara tara, ƙaho na rataye a wuyansa.

Ƙahon nan shi ne sarautar. Mai ƙaho ke cewa a buɗe rumfa ko a bar ta a naɗe. Tare da ƙahon ake ba da ɗaki a ƙarƙashin ƙofa ta talatin da ɗaya, ɗaki mai sanyi da bazara, mai ɗumi da hunturu. Wanda ya rasa ƙaho ya rasa ɗaki, kowa ya san haka. A nan ya zauna da matarsa Ampliyata, wadda ke sayar da dafaffen wake da gasasshen kifi a bakin ƙofa ranar wasa. A jikin dutsen ƙofar akwai 'yan layuka da aka ja da ƙusa, na awon tsayin 'yarsu. Na ƙarshen ya tsaya daidai ƙugun mutum, don ba ta yi tsawon rai ba.

Ampliyata ce mai bakin gidan. Tsohon Kifi take ce masa.

"Tsohon Kifi, shekara ashirin da shida a teku, amma kwanon wanka yana ba ka tsoro?"

"Na sha rabona na ruwa, uwar ɗaki."

"Ai hancina ya shaida."

Sai ya yi murmushi ya ci gaba da tufkar da yake yi. Bai cika magana ba. Abin da na lura da shi tun farko shi ne bai taɓa kallon yashi ba. Ko ana ihu Ƙwarya kamar za ta tsage, bayansa yake ba wa wasan, idonsa na kan teku da saman dirkoki. In aka tambaye shi da yamma wa ya kayar da wa, sai ya ce bai gani ba. Wasu sun ce tausayi ne. Shi dai ya ce aiki ne.

Muna da al'ada da ta girme mu duka. Safiyar wasa mai ƙaho zai hau ƙoli kafin jama'a su shigo, ya duba sama. In ya yarda, ya busa sau biyu, mu ja. In bai yarda ba, ba ya cewa komai, sai ya zauna a kan naɗin babbar igiya. Muddin yana zaune a kai, ba mai taɓa igiya, ko wa ya ba da umarni. Ranar ba a iya tayar da shi. Washegari kuwa ana iya karɓe ƙahon. Waɗanda suka kafa al'adar sun tuna da Ƙwaryar katako da ta zube.

A shekarar da nake ba da labari, wani mai gonakin inabi, Ofiliyus, yana neman a zaɓe shi cikin shugabannin gari, sai ya ɗauki nauyin wasa a tsakiyar bazara. Aka bi bangaye da jan fenti: 'yan takobi ashirin, farautar namun daji, a ƙasa kuma da manyan baƙaƙe, za a yi inuwa. A wannan wata, kalmar inuwa ta fi namun daji jan mutane. Tun daga ƙauyukan kan dutse aka yi ta gangarowa.

Ranar wasan na hau ƙoli tare da Dasiyus da sassafe. Ko ganye ba ya motsi. Ya daɗe yana kallon tsibirin da ke bakin teku, wanda a kullum hazo-hazo muke ganinsa. Ranar ya fito tas, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Ya kama igiya ya murza tsakanin yatsu, ya shinshina tafinsa.

"Hilarus, taɓa ka ji."

Na taɓa. Akwai ɗan laima, kamar an yi mata numfashi.

"Ina tsuntsayen teku?" ya ce.

Na duba. Suna can tudu, sun jeru a kan rufin haikali.

Ya gyara rigarsa, ya zauna a kan igiya.

Kafin hantsi Ƙwarya ta cika, dutse ya fara ɗaukar zafi. Masu malafa suka sa, marasa ita suka lulluɓe kai da gefen riga. Sai ga Yutikus, wakilin Ofiliyus, 'yantaccen bawa ne mai tumbi, ya hawo matakala yana haki.

"Baba Dasiyus, lafiya? Ƙafa ce ta riƙe?"

"Lafiya lau."

"To tashi mana. Maigida yana ƙasa, man kansa har ya fara narkewa."

"Iskar kudu na tafe. Kafin rana ta karkata."

Yutikus ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya juya ya dube mu.

"Wa ya ji iska? Ni dai ko tusar sauro ban ji ba."

Wasu daga cikinmu suka yi dariya, suka kuma haɗiye ta.

"Ba a jin ta sai ta iso," in ji Dasiyus. "In ta iso kuma, ƙyalle mai faɗin nan ba ya naɗuwa. Na ga jirgi ya kife da wanda bai kai rubu'insa ba."

"Nan ba jirgi ba ne, tsoho. Dutse ne. Dutse ba ya kifewa."

"Dirka katako ce."

Yutikus ya sassauta murya, ya tsuguna kusa da shi.

"Baba, an rubuta a bango. Duk gari ya karanta. Ka san abin da zai biyo baya gobe. Ka tuna da uwar ɗakinka."

"Na tuna."

Jama'a suka fara kira, inuwa, inuwa, suna buga ƙafa a dutse. Da suka gane wanda ke zaune, sai kiran ya koma kansa. Ƙwallon zaitun da ɓawon ɓaure suka fara sauka. Na ƙoli su suka fi kusa, su suka fi jifa. Wata dattijuwa mai goyon jika ta juyo ta ce masa:

"Kai mai ƙaho, ƙwai kake kwanci a kai? In ya ƙyanƙyashe a ba ni ɗaya!"

Aka kwashe da dariya. Ya dube ta, ya dubi dirkar da ke tsaye bisa kanta.

"Inna, in wannan ta karye, ba a kan farin dutse za ta faɗa ba."

Ban san ko ta ji ba.

Na matso na ce masa a kunne, ko mu buɗe rabi, ɓangaren manya kawai, a samu a rufe baki. Ya girgiza kai.

"Iska ba ta san rabi ba."

Haka ya zauna. Rana ta take, ta karkata. Mutane uku suka suma a ɓangarenmu, aka fita da su. Da yawa suka tafi tun ba a fito da 'yan takobi ba. Da Ofiliyus ya miƙe don a gaishe shi, abin da ya samu ba gaisuwa ba ce. Dasiyus yana kan igiya, gumi na ɗiga daga gemunsa, idonsa na kudu.

Iskar ba ta zo ba. Har rana ta faɗi, ko zaren ulun da muke ɗaurawa a saman dirka don gane iska bai motsa ba. Daga baya wasu masunta sun ce ta taso a can cikin teku ta bi ta bayan tsibiri. Wasu sun ce ba a yi komai ba. Masunta kuwa, ka san su.

Washegari da safe Yutikus ya zo ƙofa ta talatin da ɗaya. Ina nan, na kawo musu gurasa. Ba da faɗa ya zo ba. Ya ce manyan gari sun zauna, kuma maigida ba ya son a ce ya kori tsohon sojan sarki. Abu biyu kawai ake so. Dasiyus ya tsaya a kasuwa ya ce idonsa ne ya gaza. Sannan daga yau, in mai wasa ya ce a buɗe, a buɗe.

"Na farkon ba wuya," in ji Dasiyus. "Wataƙila ma gaskiya ce. Zan faɗa."

"Madalla. Na biyun fa?"

"In na yarda da na biyu, ƙahon a wuyana yake, amma bakin wani ke busa shi."

"Ɗakin fa, Baba?"

Dasiyus ya juya ya dubi matarsa. Tana tsugune tana hura wuta, ba ta ɗago ba. Ta daɗe tana hurawa, alhali wutar ta riga ta kama.

"Me kake kallona?" ta ce. "Shekara talatin ban taɓa iya tayar da kai daga inda ka zauna ba, sai yau? Hilarus, ajiye gurasar nan ka kama mini tukunya. Babbar. Ka bi ta a hankali, ta fi maigidan daraja."

Ta dai kasa kwance igiyar shanya, sai da ya zo ya kwance mata.

Kafin azahar amalanke ɗaya ya kwashe kayansu. Suka kama ɗaki a hawa na uku a unguwar majema, inda wari ba ya barci. Ya koma tufka igiyar rijiya yana sayarwa a bakin hanya. Ita ta ci gaba da kifinta, amma a ƙofar wani.

Ni aka ba ƙahon. Ban nema ba, ban kuma ƙi ba. Ina da 'ya'ya huɗu a lokacin. Sharaɗin da ya ƙi, ni ba a ma tambaye ni ba, an ɗauka na ji.

Sai da na yi wata biyu kafin na iya zuwa wurinsa. Na same shi a bakin hanya, rama a cinya, yana murzawa. Ya matsa mini wuri. Can na ce:

"Baba, ranar nan. Kuskure ne?"

"Ban sani ba," ya ce. "Na yi ta juya abin. In aka sake nuna mini tsibirin nan haka, zan sake zama."

Ya ƙulla bakin igiyar, ya ja ya gwada ƙarfinta, ya ajiye.

"Dirka ta sha tara, ta ɓangaren mata, gindinta ya fara cin ruwa a cikin hujin. Daga sama ba a gani. Ka sa a zare ta kafin kaka. Kada ka ce ni na faɗa, ba za su canza ba."

Na ce to. Washegari na sa aka zare ta.